Sadakar dala ɗaya ta intanet: nawa ne yake isa hannun mabuƙaci?

Wajen sauƙi dai, manhajojin ba da sadaka ta waya ba su da abin kushewa. Ka saka lambar katinka sau ɗaya, daga nan sai dannawa kawai. Wadda na fi yabawa ita ce ShareTheMeal, manhajar da ta fito a 2015, ta Hukumar Samar da Abinci ta Duniya. Za ka zaɓi gangamin da kake so, ka zaɓi adadin abincin, senti 80 na dalar Amurka kowane ɗaya (da senti 50 ta fara), ka tabbatar, shi ke nan. Kuɗin yana tafiya ga hukumar da ta karɓi lambar yabo ta Nobel a 2020, ba aljihun wani wanda hotonsa kaɗai ka gani ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne shafukan tara gudummawa, irin waɗanda kowa zai buɗe ya ce ga mara lafiya, ga wanda gobara ta cinye wa gida. Duk kuɗin da ya bi ta kati sai an yanki kuɗin aiki, kuma yankan kashi biyu ne: wani kaso cikin ɗari, da wani tsayayyen adadi da ba ruwansa da girman abin da ka bayar. A Amurka farashin da aka saba, wanda Stripe (kamfanin karɓar biya ta kati) da GoFundMe (shafin tara gudummawa) suke amfani da shi, shi ne kashi 2.9 cikin ɗari haɗe da senti 30. To yi lissafi. Dala ɗaya, senti 33 sun tafi, kusan sulusi ke nan. Dala 5, senti 45 ne, wajen kashi 9 cikin ɗari. Dala 20 kuwa senti 88 kacal, ƙasa da kashi 5. Mai ba da dala ɗaiɗai sau 20 ya zubar da fiye da dala 6 a hanya, alhali wanda ya tara ya bayar lokaci guda ko dala ɗaya bai rasa ba. Ƙaramin mai bayarwa shi ne aka fi yanka, kuma shafin ba zai nuna maka wannan da manyan haruffa ba.

Wannan ma da sauƙi, tunda kamfanin kati dole ya ci abinci. Abin da ban yafe ba shi ne wani shafi da ba zan kama sunansa ba. A ƙasan wurin rubuta adadi akwai tukwici na masu shafin, an riga an ɗora maka shi, sai ka ja ɗan maɓallin da kanka ka mayar da shi sifili. A sama kuma zaɓi biyu ne, "sau ɗaya" da "kowane wata", an haska na biyun tun kafin ka taɓa komai. Mutum ya zo da niyyar taimako, hankalinsa na kan hoton yaron da ke kwance, ina zai lura? Sai wata ya zagayo ya ga saƙon cire kuɗi. Kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da shi. Sai ka shiga asusunka ka soke, in kuwa ta Google Play ko Apple biyan ya bi, can za ka je ka kashe shi. Wallahi sadakar da aka karɓa da wayo ɗaci gare ta.

Kiva kuma, shafin da kake zaɓar mai neman jari ta hotonsa ka tallafa masa, a fahimce ta kafin a shiga. Rance ne, daga dala 25, ana dawo maka da shi kaɗan-kaɗan ba tare da riba ba, kuma zai iya maƙalewa. Galibi wata ƙaramar cibiyar ba da rance ta riga ta ba mai hoton kuɗin, naka cike gurbi yake yi, kuma mai karɓar yakan biya cibiyar kuɗin ruwa. Ƙungiyar agaji ta GiveDirectly ta fi kwanta mini: kyauta ce tsabarta, ana tura ta wayar talaka ya kashe yadda ya ga dama.

Na so in ce duk harkar ba ta da albarka, amma zalunci ne in faɗi haka, domin in ka tara ka bayar a dunƙule, ka duba jimillar ƙarshe kafin ka danna, mafi yawan kuɗin yana isa. Sai dai ga wani haushin: idan biyan da kuɗin wata ƙasa ne, bankinka zai canza a nasa farashin, wani lokaci ya ƙara nasa cajin. Idan kuma lambar tabbatarwa ta yi jinkiri shafin ya ce biya bai yi ba, kada ka sake dannawa nan take. Sau da yawa banki ya riga ya riƙe kuɗin, yakan ɗauki kwanaki kafin ya sake shi, dannawa ta biyu kuma tana iya zama cira ta biyu. Duba saƙon banki da imel ɗinka tukuna, in babu rasit bayan 'yan sa'o'i sannan ka sake gwadawa.