Ƙwallon kwando ko hokin ƙanƙara: wanne ya kamata baƙo ya kalla a Toronto?

Malam, ka ce za ka zo Toronto da ke Kanada a watan Disamba tare da ɗanka mai shekara 12, kuna da dare ɗaya kacal na kallon wasa, kuma kana so a gaya maka wanda ya fi dacewa tsakanin wasan ƙwallon kwando na Raptors da wasan hoki na Maple Leafs. Na kalli duka biyun, kuma zan faɗa maka abin da na gani.

Ƙungiyoyin biyu a zaure ɗaya suke wasa, wato Scotiabank Arena da ke maƙwabtaka da babbar tashar jirgin ƙasa ta Union, wanda aka buɗe a 1999. Yana ɗaukar 'yan kallo kusan 19,800 a daren ƙwallon kwando, da kimanin 18,800 a daren hoki. Ƙanƙarar da ake hoki a kanta ba a narkar da ita idan za a yi ƙwallon kwando. Rufe ta ake yi da alluna masu tare sanyi, sannan a shimfiɗa filin katako a sama. Saboda haka hanyar zuwa ɗaya ce, ƙofar shiga ɗaya ce, amma abin da za ka tarar a ciki ya sha bamban.

Ƙwallon kwando ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya tashi a ƙasarmu. Mutum biyar ne a kowane ɓangare, ana zango huɗu na minti 12, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 24 ta jefa ta kwando, in ba haka ba a karɓe. Maki na ta hawa har ya wuce ɗari, kiɗa ba ya yankewa, kuma duk lokacin da aka dakata akwai abin da ake nuna wa jama'a. Yaro ba zai gaji ba. Akwai kuma abin da zai sa ka ji ƙungiyar kamar taka ce: Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Raptors lokacin da ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka da Kanada, a 2019 bayan ta doke Golden State Warriors, a Zariya ya girma, kuma Hakeem Olajuwon, shahararren ɗan ƙwallon kwando haifaffen Najeriya, a wannan ƙungiya ya buga kakarsa ta ƙarshe. Rauninsa ɗaya ne a wurin mai kallo: abin mamaki a 'yan NBA shi ne tsayinsu da tsallensu, kuma wannan sai kana kusa da fili kake jin sa. Daga kujerun can sama, waɗanda su ne aljihun yawancinmu ke iya saye, filin mai tsawon ƙafa 94 yana ƙanƙancewa, har ka sami kanka kana kallon babban allon talabijin da ke rataye a tsakiya fiye da 'yan wasan.

A nan ne hoki ya fi shi, kuma shi ya sa nake so ka yi tunani sosai kafin ka kawar da kai daga gare shi don ba ka san shi ba. Wasa ne da talabijin ke tauye masa haƙƙi. Filin ƙanƙarar ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi, an kewaye shi da katanga da gilashi, kuma mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, kowa da sandarsa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa. Abin da suke bugawa ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa inci uku, wanda ake daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. A talabijin ido ba ya iya bin sa, amma a zauren, musamman daga sama, kana ganin filin gaba ɗaya, kana ganin yadda ake shirya hari tun daga baya, kana jin ƙarar takalma suna yankar ƙanƙara da ƙarar mutum idan an haɗa shi da gilashi. Ba a tsayar da wasa don canjin 'yan wasa. Su kan tsallako katanga su shiga yayin da wasu ke fita, domin gudun yana da tsanani ƙwarai, da wuya ɗan wasa ya yi minti ɗaya cur bai nemi hutu ba. Zango uku ake yi na minti 20, kuma a tsakaninsu wata mota ta musamman tana fitowa ta goge ƙanƙarar ta malala ruwa ya daskare sabo, abin da yara ke son kallo kamar wasan kansa. Ƙwallaye kaɗan ake ci, kamar a ƙwallon ƙafa, don haka kowace ɗaya tana tayar da zauren tsaye.

Sai dai in gaya maka gaskiya kan abu biyu. Na farko, a hoki wani lokaci 'yan wasa biyu su kan yar da safar hannu su yi dambe, hukuncin da aka saba yi musu kuwa zaman minti biyar ne a benci, alhali jama'a na ta shewa. Kai ne ka san ɗanka, kai za ka auna. Na biyu shi ne kuɗi. Tikitin Maple Leafs yana cikin mafiya tsada a NHL gaba ɗaya, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, duk da cewa rabon ƙungiyar da cin Kofin Stanley, kofin zakarun gasar, tun 1967, domin hoki a Kanada abu ne da ake gada daga iyaye. Tikitin Raptors yawanci ya fi sauƙi, musamman a tsakiyar mako idan baƙin ba fitacciyar ƙungiya ba ce.

Sauran al'amura kusan iri ɗaya ne. Kowane wasa zai ci muku kusan awa biyu da rabi, yawanci ana farawa da ƙarfe bakwai ko bakwai da rabi na dare, kuma da yake a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar a Toronto, za ku iya yin Magariba da Isha'i kafin ku fito. A waya ake nuna tikiti. Ana sayar da giya a daren wasannin biyu, kuma ka tambayi irin naman da ke cikin abinci kafin ka saya, ko ku ci a gida. A daren hoki ku ƙara rigar sanyi, sannan idan kun fita zango ya fara, masu kula da kujeru za su tsayar da ku har sai alƙalin wasa ya busa usur, don kada ku tare wa wasu gani.

Da ni ne, kuma kuɗin bai gagare ni ba, Maple Leafs zan kai yaron, in zaɓi kujera a sama daura da tsakiyar fili, domin ƙwallon kwando zai ci gaba da ganin sa a waya da talabijin bayan kun koma gida, hoki kuwa sai a nan. Idan tikitin ya yi nauyi, ku kalli Raptors a babban zauren, sannan ka duba ko Toronto Marlies, ƙaramar ƙungiyar da Maple Leafs ke renon 'yan wasanta a ciki, tana da wasa a Coca-Cola Coliseum cikin kwanakin zamanku, domin tikitinta ya fi araha nesa ba kusa ba.