Ƙarin RAM ko sauya faifai zuwa SSD: wanne zai cire wa kwamfutarka nauyi?

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayar da ka yi mana a kan kwamfutarka, HP EliteBook 840 G2 ta hannu, mai RAM 4GB da faifan ajiya na HDD 500GB. Ka ce in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba, in ka buɗe Chrome da Word tare sai ta sanƙare. Mai gyara na farko ya ce a ƙara RAM, na biyu ya ce a cire faifan a sa SSD, kai kuma kuɗin abu ɗaya ne a hannunka.

A takaice, SSD za ka fara saya. Amma kada ka fitar da ko kwabo sai ka yi wani ɗan gwaji da zan faɗa maka, domin kwamfutar da kanta tana nuna inda ke yi mata ciwo.

Mu fara da aikin kowanne, don masu gyaran nan biyu ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Ka ɗauki kwamfuta kamar shago. RAM shi ne kantar da mai shago yake baza kayan da ake ciniki a kansu yanzu, faifan ajiya kuwa shi ne sito da ke can baya. Ƙarin RAM faɗaɗa kanta ne, ta ɗauki kaya da yawa a lokaci guda. SSD kuwa matso da siton ne kusa, a daina doguwar tafiya duk lokacin da aka nemi wani abu. Duk abin da ke kan RAM yana gogewa da zarar an kashe kwamfuta, shi ya sa kowace safiya sai Windows ta sake kwaso kanta daga faifai. Tashin da ka ce yana cin lokaci, aikin faifai ne kusan gaba ɗayansa. Ko RAM 16GB ka zuba mata, tashin nan ba zai sauya sosai ba.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera HDD. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa, galibi sau 5400 a minti a kwamfutocin cinya, da wani ɗan hannu mai kai da komo yana neman inda aka rubuta bayani. In babban fayil guda ne a jere, zai iya karanta wajen 100MB a daƙiƙa. SSD na SATA, irin wanda zai shiga kwamfutarka, yana kai 500MB zuwa 550MB. Mutane suna ganin wannan lissafi sai su ce ninki biyar ne, alhali ba nan babban bambancin yake ba. Windows ba manyan fayiloli take karantawa ba in tana tashi, dubban ƙanana ne a warwatse ko'ina a kan faranti. Kowane ɗaya sai hannun nan ya je ya nemo shi, ya jira faranti ya juyo. A irin wannan aiki HDD bai wuce ya biya buƙata ɗari ko kusa da haka a daƙiƙa ba, SSD kuwa da ba shi da wani abu mai motsi a ciki yana biyan dubbai. Wannan ne ya sa kwamfutar da take cin minti uku ko huɗu kafin ta natsu take komawa ƙasa da rabin minti.

To sanƙarewar da take yi in ka buɗe Chrome da Word fa? A nan mai gyara na farko yana da gaskiyarsa. Windows 10 kaɗai, tun ba ka buɗe komai ba, tana iya riƙe kusan rabin 4GB ɗin nan. Chrome kuwa kowane shafi da ka buɗe sai ya yanki nasa rabon. Idan RAM ya cika, Windows ba ta tsayawa, sai ta kwashe wani ɓangare na abin da ke kansa ta ajiye a faifai, in an buƙata ta dawo da shi. Kuma faifan da take wannan jigila a kansa shi ne HDD ɗin nan mai jan ƙafa. Ka ga ke nan ciwon biyu ne suka haɗu, ɗaya yana ƙara wa ɗaya.

Daga nan ne na yanke hukuncina. In ka sa SSD, ka magance jinkirin tashi da jinkirin buɗe manhaja, sannan ka rage raɗaɗin ƙarancin RAM, tunda jigilar da ake yi yanzu a kan faifai mai sauri take. In ka ƙara RAM kawai, jigilar za ta ragu, sanƙarewar Chrome za ta yi sauƙi, amma tashi da buɗe Word da neman fayil da sabunta Windows duk suna nan yadda ka san su. Ɗaya yana taɓa matsala biyu, ɗayan yana taɓa guda.

Ga gwajin. Ka kunna kwamfutar, ka buɗe abubuwan da ka saba aiki da su, sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito, ka shiga Performance. Ka sa ido a kan wurare uku: CPU (ƙwaƙwalwar kwamfutar mai yin lissafi), Memory (wato RAM) da Disk (wato faifai). Idan Disk ya kafe a 100% na tsawon lokaci alhali ba wani abu kake kwafa ba, faifai ne ya shaƙe ta, kuma ina kyautata zaton abin da za ka gani ke nan. Idan Memory ne yake zaune a sama da 85% ko 90% kullum, Disk kuwa yana hawa ne kawai a lokacin da ka sauya daga wannan manhaja zuwa waccan, to ƙarancin RAM ya fi ƙarfi a matsalar. Idan kuma CPU ne a sama, fanka tana ta kuka, ƙasan kwamfutar ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, to ka ajiye maganar RAM da SSD tukuna. Ƙurar hunturu tana toshe mafitar iska, man da ke tsakanin CPU da ƙarfen sanyaya shi yana bushewa da shekaru, shi kuma CPU in ya ji zafi ya yi yawa sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Maganin wannan a buɗe a share, a sa sabon mai, kuma kuɗinsa bai kai na ko ɗaya cikin biyun ba. A daina ɗora ta a kan katifa ko filo ana aiki.

Akwai gwaji na biyu da na fi matsa maka a kansa. Ka sauke wata ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo. Tana karanta rahoton lafiyar da faifan yake rubutawa a kan kansa, ta nuna maka Good ko Caution ko Bad, har da yawan awannin da ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. Samfurin kwamfutarka na wajen 2015 ne, kuma irinsu yawanci sun gama yi wa wani ofishi bauta a Turai ko Amurka kafin su iso Legas su hauro Kano. In ka ga Caution, ko kana jin wani ƙas-ƙas daga cikinta, muhawara ta ƙare. Ka kwashe takardunka da hotunanka a daren nan, domin faifan yana ban kwana ne, kuma ƙarin RAM ba ya hana faifai mutuwa.

Ta fuskar wahalar sawa kuwa, RAM ya fi SSD sauƙi nesa ba kusa ba. A zare murfin ƙasa, a cire batir, a soka RAM ɗin a raminsa, a mayar. Ba a taɓa Windows, ba a taɓa fayil ko ɗaya. Kwamfutarka tana da rami biyu, tana ɗaukar har 16GB. Inda ake yin kuskure shi ne wajen saye. Naka DDR3L ne, mai aiki da wuta 1.35V, za ka ga an rubuta PC3L a jikin takardarsa. Akwai DDR3 zalla mai 1.5V da aka rubuta wa PC3, kamarsu ɗaya, yana shiga ramin daidai, amma sau da yawa kwamfuta irin taka ba ta tashi da shi. DDR4 kuwa ko shiga ba zai yi ba, tsagar jikinsa ba a wuri ɗaya take ba. Ka tafi da kwamfutar shagon, a sa a gabanka, ka ga 8GB ya fito a Task Manager kafin ka biya. Ka kuma leƙa Settings, System, About ka tabbatar Windows ɗinka 64-bit ce. Mai 32-bit ba ta iya amfani da abin da ya haura 4GB, kuma har yanzu akan ci karo da ita a kwamfutocin hannu.

SSD ya fi neman shiri. Sabon faifai fanko yake zuwa, sai dai a kwafe tsohon gaba ɗaya a juye a kansa, ko a sa sabuwar Windows. Ni na fi son a sa sabuwa, saboda kwafewa tana tahowa da duk tarkacen da suka taru shekara da shekaru. Filashi mai 8GB ya isa a ɗauko sabuwar Windows ɗin a kansa, kuma Microsoft tana ba da manhajar haɗa shi kyauta. In lasisin Windows ɗinka na gaskiya ne, a jikin kwamfutar yake ɗaure, da ta hau intanet zai dawo da kansa. Sai dai Office da sauran manhajojinka duk sai an sake sa su, ka tanadi data da lokaci. Sannan wuri zai ragu: da kuɗin da ke hannunka mai yiwuwa 256GB za ka samu, wanda Windows za ta nuna maka kamar 238GB. Kada ka sauko zuwa 128GB don arha, Windows da Office da sabunta-sabunta za su cinye mafi yawansa, kuma SSD in ya cika maƙil gudunsa yana raguwa. Mai girman inci 2.5 na SATA za ka nema, ya zauna a gurbin tsohon. Kada wani ya ruɗe ka da wani nau'in SSD da ake kira NVMe mai gudun 3000MB, ba na wannan gurbin ba ne.

Maganar jabu ma ta fi yawa a ɓangaren SSD. RAM ko ya yi aiki ko ya ƙi, nan take za ka sani. SSD kuwa ana iya ba ka wanda aka tsufar a wani wuri aka sake masa kwali, ko maras suna da zai yi wata uku ya ɗauke. Ko a Beirut Road ta Kano za ka saya ko a Banex ta Abuja, ka nemi sunan da aka sani, irin su Samsung, Crucial, Kingston ko WD, ka buɗe CrystalDiskInfo a shagon ka ga awanninsa da lafiyarsa, ka karɓi rasit da sharaɗin canji.

Wani abin da ya ƙara rinjayar da ni wajen SSD shi ne yanayin da muke amfani da kwamfuta a nan. Tana cikin jaka a bayan babur ko a A Daidaita Sahu, ana faɗawa ramuka, wani lokaci ma ba a kashe ta ba, rufe ta kawai aka yi. Faranti mai juyawa da hannu mai shawagi a kansa ba sa son girgiza, SSD kuwa bai san ana yi ba, kuma ya ɗan fi sauƙin cin batir. Amma shi ma yana da nasa halin da ya kamata ka sani. HDD yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya yi ƙara, ya yi nauyi, a samu a ceci wani abu. SSD yana iya ɗaukewa rana ɗaya ba sallama, kuma fayil ɗin da ka goge a kansa bisa kuskure da wuya a dawo da shi. Ga kuma ɗaukewar wuta: in batirinka ya mutu, kwamfutar a jikin caja take rayuwa, to duk ɗaukewar NEPA tana iya lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa, ko wane irin faifai ne. Idan haka batirinka yake, ka sa shi a lissafi tun kafin RAM.

Na san wani a zauren nan zai ce a yi mata fomatin kawai a huta. Fomatin yana taimako in ƙwayar cuta ce ko tarin manhajojin da ke tashi tare da Windows, kuma waɗannan za ka iya kashe su da kanka a Startup cikin Task Manager ba tare da ka goge komai ba. In faifai ne matsalar, za ta yi sauƙi na mako biyu, da ta gama sabunta kanta sai nauyin ya dawo.

Akwai inda zan juya shawarar. Da a ce kwamfutar ta riga tana da SSD, ko aikinka na buɗe shafuka ashirin ne da manyan takardun Excel, ko SPSS da AutoCAD irin na ɗalibai, da RAM zan ce. Kai ma in hali ya samu nan gaba, ka ƙara 4GB a rami na biyu. Guda biyu masu girma ɗaya suna aiki kafaɗa da kafaɗa, har bidiyo ma yana ɗan ƙara santsi, tunda ɓangaren hoto na wannan kwamfuta daga RAM yake aro.

Kada dai ka zuba mata kuɗi fiye da kima. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman CPU na Intel ƙarni na 8 zuwa sama, taka kuwa ƙarni na 5 ce. Za ta ci gaba da yi maka rubutu da bincike da kallon karatu, amma ba wadda za ka kashe wa kuɗin rabin wata kwamfutar ba ce. SSD yana da wannan fa'ida ma: ranar da ka sauya kwamfuta za ka iya cire shi ka ci gaba da amfani da shi, DDR3L kuwa ba zai shiga sabuwa ba.

Tsohon faifan kuma kada ka bar wa mai gyara, duk sirrinka yana ciki. In CrystalDiskInfo ta ce Good, ka saya masa ɗan gida mai igiyar USB, ya zama wurin ajiye bidiyo da kwafin takardunka. Ka turo mana hoton Performance ɗin da na CrystalDiskInfo in ka yi gwajin, mu gani kafin ka shiga kasuwa.