Kafin ka ɗauki ɗan jagora a Tehran

Bahaushen da ya yi karatun allo yakan sauka a filin jirgin Imam Khomeini yana ganin ai ya iya karanta allunan hanya. Haruffan na Larabci ne, amma harshen Farisanci ne, har lambobi 4 da 5 da 6 ma rubutunsu ya ɗan saɓa da wanda muka sani. Ga birnin Tehran, babban birnin Iran, da faɗi: titin Valiasr kaɗai ya kai kusan kilomita 17, daga tashar jirgin ƙasa a kudu har Tajrish a gindin duwatsun Alborz. Ɗan jagora kam sai da shi. Tambayar ita ce wane iri.

Kamfanonin yawon buɗe ido za su fara tallata maka mota da direba da jagora mai lasisi. Shi ne mafi tsada. In kana tare da tsofaffi ko yara, ko kuma arewacin birnin ka nufa, wato fadojin Sa'dabad da Niavaran da hawan Darband, kuɗinka bai tafi a banza ba. Amma a tsakiyar gari motar kaya ce kawai. Cunkoson Tehran ba wasa ba ne, sai ka biya kuɗin yini guda ka ƙare rabinsa kana kallon bayan wata mota.

Ni da za a bi tawa, jagora mai lasisi wanda zai yi tafiyar ƙafa da kai, ku shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi za ka nema. Jirgin yana da arha, yana kuma da taragun mata zalla a farkonsa da ƙarshensa. Ku fara da fadar Golestan ta sarakunan Kajar, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ku gangara Babbar Kasuwa da ke kusa. Lungunanta sun haura kilomita 10, kowane da sana'arsa: nan zinariya, can darduma, gaba tagulla. A nan ake gane amfanin jagora. Shi zai janye ka gefe in mai kura ya taho da kaya yana ihu, shi zai kai ka inda ake sayar da dizi, ya nuna maka yadda ake tsiyaye romon a jiƙa gurasa, sannan a daka naman da waken da 'yar taɓaryar ƙarfe. Kuma shi zai cece ka daga ta'arof. Mai shago zai ce maka "ghabel nadare", wai ba komai, ka bar kuɗinka. Kara ce irin tamu, ba kyauta ba. Ka nace ka biya.

Shiga ayarin baƙi ya fi sauƙin kuɗi, sai dai gudu ake yi: hoto a hasumiyar Azadi, hoto a ta Milad mai tsawon mita 435, a wuce. Sau da yawa akan ƙare a shagon darduma inda jagoran yake da la'ada.

Akwai kuma 'yan'uwanmu ɗalibai da ke karatu a Kum. Za ka sha hira da Hausa, za su taya ka ciniki da Farisanci, amma Kum tafiyar kusan awa biyu ce, kuma wanda ya san hubbaren can ba lallai ya san lungunan Tehran ba. Ka riƙe shi abokin tafiya, kada ka ɗora masa aikin da ba nasa ba.

Duk wanda ka zaɓa, ku yi maganar kuɗi tun kafin ku fita. Da toman ake faɗin farashi, takardar kuɗin kuma riyal ce, toman ɗaya riyal 10. Katin Visa da Mastercard ba sa aiki saboda takunkumi, don haka ka zo da dala ko yuro a hannu, a kai ka wajen 'yan canji na titin Ferdowsi. Ka tambaya ko kuɗin shiga gidajen tarihi yana cikin farashin, domin baƙo ya fi ɗan ƙasa biya. Ka nemi ganin katin lasisinsa. Mata su yi shirin ɗankwali da sutura mai rufe jiki, doka ce. Tun yaƙin kwana 12 da Isra'ila a watan Yunin 2025, ka bincika halin tsaro kafin ka yanki tikiti, kuma kada ka ɗaga waya kusa da ginin gwamnati ko na soja sai jagoranka ya ce ka ɗauka. Ranar kasuwa kuma kada ta faɗo Juma'a, a rufe za ka same ta.