Adashin kullum: shekara biyu ina zubi, ga abin da na gani

Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinki a Kurna, nan Kano. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin cefanen da maigida ke bari ya daina kai mu ko'ina, sai na koma karɓar kaya bashi a shagon bakin layi. Yau taliya, gobe man gyaɗa, jibi omo. Ranar da mai shagon ya buɗe mini littafinsa na ga naira 86,000 a gaban sunana, wallahi ƙafata sai da ta yi sanyi. Bai ɗaga mini murya ba, cewa kawai ya yi, "Maman yara, a ɗan riƙa ragewa." Wannan lallashin ya fi zagi yi mini ciwo.

Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wata Hajiya mai adashin kullum. Ba irin na karɓa-karɓa ba ne da ake jiran layin kwasa. Kati take ba ki mai gida 31, ke za ki faɗi abin da za ki iya zubawa, kullum bayan la'asar yarinyarta ta zagayo ta karɓa, ta sa hannu a gidan ranar da jan biro. Ƙarshen wata a ba ki kuɗinki, a cire zubin kwana ɗaya ladan ajiya. Na fara da 1,000, ina kwasar 30,000.

Ƙanena ya ce asara ce in biya wata don ta riƙe mini kuɗina, ga banki ga asusun waya. Lissafinsa daidai ne, dubu ɗaya duk wata ba ƙaramin abu ba ne. Amma na san kaina. Kuɗin da ke cikin wayata ba ya kwana uku: ga biki, ga suna, ga ankon da ba a shirya ba. Na gwada asusun katako ma, na fasa shi kafin sati uku. Kunyar a yi sallama in ce babu ita ta sa nake ware dubun tun daga kuɗin ɗinkin farko na safe, kafin hannuna ya kai gare ta.

Wata huɗu na yi na rufe bashin. Duk kwasa, ban ko shiga ɗaki da kuɗin ba, 21,500 na wucewa shago kai tsaye, sauran in sayi zare da shafi. Ranar ƙarshe da idona na ga ya ja layi a kan shafin.

Sai dai akwai inda raina ya ɓaci. Gab da wata ƙaramar Salla kwasata ta yi jinkirin kwana tara, kullum "gobe in sha Allah", ga yara ba takalma. Ta biya cif, ta kuma ba da haƙuri, amma a kwanakin nan na gane cewa katin nan da amanarta su kaɗai ne hujjata. Kuɗin da ke bankin kasuwanci hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, na ba shi kariya har naira miliyan 5 tun 2024. Na hannun uwar adashi ba wanda ya tsaya masa. Haka kuma idan kin tura mata zubin ta waya, sai kin ɗora kuɗin cirewa a POS.

Har yanzu ina zubi, na ma ƙara zuwa 1,500. Abin da na canza shi ne ba na barin kuɗi ya zarce wata a hannunta, ko da ta ce in bari ya taru. Ina ɗaukar hoton katin duk Juma'a, kuma kwasar watan Agusta ta kuɗin makarantar yara ce, tun kafin ta zo na riga na faɗa wa maigida.