WhatsApp, Telegram ko Google Classroom: wanne ya fi dacewa da muhawarar aji?

Ina koyar da adabi a wata kwalejin ilimi, kuma tun 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu nake gwada manhajojin da ɗalibai za su ci gaba da tattauna darasi a cikinsu.

Zoom na ajiye ta da wuri. Ta kyauta minti 40 take bayarwa, ga bidiyo da shan data. Muhawara ta fara zafi kenan sai lokaci ya ƙare.

WhatsApp kuwa kowa na da ita, ba sai ka koya wa kowa ba, kuma saƙon murya ya buɗe bakin ɗaliban da ko tari ba sa yi a aji. Sai dai zance a cikinta kamar kasuwar Kurmi yake: tambayar da ka yi da safe, kafin azahar gaisuwar Juma'a, katin ɗaurin aure da "Allah ya ƙara basira, Malam" sun binne ta. Wasu ɗalibai mata ma sun ƙi shiga, saboda ba sa son lambarsu ta faɗa hannun kowa.

Google Classroom, wadda ta fito a 2014, ita ce mai tsari. Ka saka tambaya, ka sa ranar rufewa, ka ga wanda ya amsa, ka ba da maki. Amma ɗalibai aikin gida suke ɗaukarta. Kowa ya rubuta layi biyu ya gudu, ba mai tanka wa ɗan'uwansa. Wannan ba muhawara ba ce.

A Telegram na samu abin da nake nema. Tun 2022 ana iya raba zaure ɗaya gida-gida, sai na ware wa waƙa ɗaki, zube ɗaki, wasan kwaikwayo ɗaki, sanarwa ma nata daban. Wanda ya shigo a makare yana iya karanta abin da ya wuce, ana iya ɓoye lambar waya, akwai kuma tsarin da ke sa mutum ya ɗan dakata kafin ya sake turo saƙo, wanda ya yi maganin sarakan surutun ajina. Wahalarta ɗaya: sai ka yi ta lallashi kafin su sauke ta, wai waya ta cika.

Yanzu muhawara a Telegram muke yi, maki a Google Classroom. WhatsApp na bar wa shugaban aji, ya riƙa sanar da canjin lokacin lacca.