Sharhi Kan Rumbun Binciken IDDRI, Cibiyar da Laurence Tubiana Ta Kafa

Na daɗe ina amfani da shafin intanet na IDDRI, cibiyar nazarin ci gaba mai ɗorewa da hulɗar ƙasa da ƙasa da ke birnin Paris, wajen shirya darussan da nake koyarwa kan siyasar sauyin yanayi, kuma ina ganin ya dace in bayyana abin da na samu a cikinsa domin ɗalibai da 'yan jarida masu neman madogara. Kyauta ake sauke takardunsa, akasarinsu da Faransanci da Turanci, daga gajeru masu shafi huɗu da aka rubuta domin masu tsara manufofin gwamnati, har zuwa dogayen rahotanni masu cike da lissafi. Ra'ayina shi ne rumbun yana da amfani ƙwarai, amma amfaninsa ba ya fitowa sosai sai mai karatu ya san matar da ta kafa cibiyar da irin tunanin da ta gina ta a kai.

An haifi Laurence Tubiana a shekarar 1951 a birnin Oran na Aljeriya. Masaniyar tattalin arziki ce da ta fara aiki a hukumar binciken aikin gona ta Faransa, inda ta mai da hankali kan cinikin abinci tsakanin ƙasashe masu arziki da masu tasowa. Daga 1997 zuwa 2002 ta zama mai ba Firaminista Lionel Jospin shawara kan muhalli, kuma a tsakiyar wannan aiki ne ta kafa IDDRI a 2001, ta jagorance ta har zuwa 2014, lokacin da ministan harkokin waje Laurent Fabius ya ɗauko ta domin shirya taron COP21, wato taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Paris a 2015. Wanda ya san wannan tarihi zai gane dalilin da ya sa takardun cibiyar suke yawan tambayar abin da gwamnati za ta iya amincewa da shi a teburin tattaunawa, da kuma wanda zai biya kuɗin.

Sashen da na fi cin moriyarsa shi ne na shirin da cibiyar ta fara a 2013 tare da wata ƙungiyar masana da Jeffrey Sachs ke jagoranta, wanda ya shafi hanyoyin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Taron sauyin yanayi na Kopenhagen na 2009 ya watse ba tare da cikakkiyar yarjejeniya ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne an yi ƙoƙarin raba wa ƙasashe nauyin ragewa daga sama, kowace kuwa ta ga an zalunce ta. Shirin ya juya hanyar: masanan cikin gida na ƙasashe 16, ciki har da Sin da Indiya da Amurka da Afirka ta Kudu da Brazil, su ne suka zauna suka lissafa yadda wutar lantarki da sufuri da masana'antun ƙasarsu za su kasance a 2050, sannan suka dawo baya suna tambayar abin da ya kamata a fara yi yanzu. Da na jera waɗannan rahotanni kusa da matanin yarjejeniyar Paris da aka amince da ita ranar 12 ga Disamba, 2015, sai kamannin suka fito fili. Kowace ƙasa ce ke rubuta alkawarinta da kanta, ta sabunta shi bayan kowace shekara 5, kuma sashe na 4 ya buƙaci ƙasashe su tsara dabarun dogon zango, duk domin a tsayar da ƙaruwar zafin duniya ƙasa da digiri 2 na ma'aunin Celsius sosai idan aka kwatanta da zamanin kafin masana'antu, tare da ƙoƙarin kada ya wuce digiri 1.5. Ɗalibaina sun fi saurin fahimtar yarjejeniyar ta wannan hanya fiye da yadda suke fahimtarta idan na karanta musu sassanta a jere.

Daga baya shirin ya iso Najeriya, ta hannun cibiyar nazarin sauyin yanayi da Farfesa Chukwumerije Okereke ya jagoranta a jami'ar tarayya ta Alex Ekwueme da ke jihar Ebonyi, don haka mai neman lissafin da ya shafi man fetur da iskar gas da itacen girki a ƙasar zai sami abin kamawa.

Wani abin da rumbun ya taimaka mini a kai shi ne batun adalci a harajin hayaƙi. Faransa ta fara wannan haraji a 2014 kan Yuro 7 a kowane tan, ya kai Yuro 44.6 a 2018, sai masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna a watan Nuwamba na shekarar, domin mazauna karkara da ba su da abin hawa sai motarsu su ne suka fi jin jiki, dole gwamnati ta dakatar da ƙarin. Bayan haka aka zaɓi 'yan ƙasa 150 ta hanyar canki-canka domin su ba da shawara kan rage hayaƙi, Tubiana tana ɗaya daga cikin mutum biyu da suka shugabanci kwamitin tsara zaman, kuma a watan Yuni na 2020 suka miƙa shawarwari 149. Da yawa daga cikin mahalartan sun nuna rashin gamsuwa da dokar da ta biyo baya a 2021, suna cewa an rage wa shawarwarinsu ƙarfi. Wannan babi ne da nake ganin ya nuna iyakar hanyarta, domin tara mutane su amince abu ne da ta ƙware a kai, amma aiwatarwa tana hannun majalisa da ministoci.

Sai dai a karanta da sanin cewa gidan masu yarjejeniyar aka shiga. Wadda ta gaji Tubiana a shugabancin cibiyar, Teresa Ribera, ta zama minista a Sifaniya a 2018, ita kuma Tubiana tun 2017 take shugabantar Gidauniyar Yanayi ta Turai, har ma wasu jam'iyyun hagu suka gabatar da sunanta domin kujerar firaministan Faransa a watan Yulin 2024 kafin ta janye. Mutanen da ke kusa da mulki haka sukan rubuta da harshen sulhu, don haka idan ina son ɗalibai su ji zafin ƙorafin ƙasashen Afirka kan alkawarin tallafin yanayi na dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi wa masu tasowa tun 2009 kuma ya makara, nakan haɗa musu da bayanan wakilan Afirka a tarukan sauyin yanayi. Harshen takardun ma na ƙwararru ne, cike da taƙaitattun sunayen hukumomi, saboda haka sabon shiga ya fara da gajerun, ya bar dogayen rahotannin sai ya karanta matanin yarjejeniyar Paris tukuna.