Girkin Sallah na mutum 30: tuwo da taushe ko dafa-duka?

Amarya, kin ce bana a gidanki dangin maigida za su ci abincin Ƙaramar Sallah, mutum wajen 30 har da Hajiya surukarki, kuma kin rasa wanda za ki ɗora, tuwon shinkafa da miyar taushe ko dafa-duka.

A ido dafa-duka ta fi sauƙi. Tukunya ɗaya ce, ba tuƙi, ba malmala. Sai dai sauƙin nan na girkin mutum 5 ne. Da zarar shinkafa ta yi yawa sai tukunya ta rabu gida uku: ƙasa ta kama, tsakiya ta caɓe, sama kuma ba ta dahu ba. In ta caɓe kuwa, sai haƙuri, ba ta da gyara. Shi ya sa masu girkin biki ke fara tafasa shinkafar su wanke, su soya kayan miya har mai ya taso, su sa ruwa kaɗan, sannan su janye itace su bar garwashi ya ƙarasa turara ta. Idan ba ki taɓa yin mai yawa ba, raba ta tukunya biyu.

Tuwo kuwa wahalarsa a damtse take. Shinkafar tuwo za ki saya, ba 'yar gwamnati ba, ki jiƙa ta, ta dahu luguf, sannan a kama muciya. Za ki yi gumi, ba ƙarya. Amma shi yana karɓar gyara. Ya yi ruwa, ki ɗaure da garin shinkafa. Ya yi tauri, ki yayyafa ruwa ki rufe ya sulala. Kuma rabin aikin miyar tun dare ake gama shi: a dafa nama, a fere kabewa, a gyara alayyafo da yakuwa. Zuba gyaɗa da ganye a miya dai ki bari sai asuba, don taushe ba ta jure kwana a zafi, ga wutar lantarki ba abin dogaro ba.

Markaɗe kuma ki kai tun ranar 29 ga azumi. Duk wadda ta jira sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, a layin inji za ta raba dare, ga lalle da kitso na jiranta.

Wajen kuɗi, dafa-duka ta fi ci. Tana shan mai da tumatir, kuma kowane faranti sai an ga tsoka ko cinyar kaza a kai, in ba haka ba sai ta zama abin tausayi. Taushe tana rufa asiri: kabewa ce ke ba ta kauri, ƙashi mai ɓargo da ɗan tantaƙwashi su ba ta daɗi, daddawa ta ƙarasa.

Sai maganar daɗewa, wadda a wurina ita ce ta raba gardama. Abincin Sallah ba a zama ɗaya ake cinye shi ba. Ana saukowa daga Idi yara za su fara kai wa maƙwabta, baƙi na shigowa har magariba, waɗanda suka je kallon hawa su dawo da yunwa. Malmalar tuwo a leda cikin kula tana kaiwa dare lafiya lau, washegari ma a yi ɗumame. Dafa-duka kuwa gumi take yi a kula, kafin la'asar ta fara sauya ƙamshi, musamman in an zuba mata kabeji da koren wake.

Ni dai da ni ce, tuwo zan yi na mutum 20, in ɗora dafa-duka 'yar daidai saboda yara da 'yan mata, don su kam shinkafa suke nema. Awon da nake bi shi ne gwangwanin madara ɗaya ga kowane babba, sannan in ƙara na rabo. Ki kira facalolinki tun jajibiri, hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma tuƙin tuwon nan ba na mace ɗaya ba ne. Ki kuma tambayi Hajiya yawan yakuwar da suke sawa a gidansu, don wasu na son taushe da tsami, wasu ko kaɗan ba sa so.